Sadakar Kunkurun Teku

A Jidda aka haife ni, a unguwar Hindawiyya, kuma tun ina ƙarama nake shaƙar warin Bahar Maliya idan iska ta juyo, amma ban taɓa ganin kunkurun teku da idona ba. A hoto na san shi. Har yau idan na ga hotonsa a jikin riga ko a allon talla sai in kawar da kai. Dabbar ba ta yi mini komai ba. Yayana ne ya yi abin da ya yi, shi kuwa ba ni da hanyar kawar da kai daga gare shi tunda ciki ɗaya muka fito.

A lokacin muna zaune a tsohon gidanmu, ni da Ummi da Yaya. Ni sana'ata lalle, ina bin gidajen biki ina zana wa amare hannu da ƙafa. Yaya direba ne a kombawun, wato gidajen Turawan nan da ake kewayewa da katanga ɗaya a arewacin gari, da masu gadi a ƙofa da wurin wanka a tsakiya. Mutum ne mai son ƙamshi da guga, mai Turanci da Larabci a baki, Hausarsa kuma sai ya ga dama. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya: sanƙo. Tun bai kai talatin ba gashi ya gudu ya bar masa fili, don haka ba ka ganinsa ba hula ko da a cikin ɗaki ne. An ce wata yarinya a unguwar Ruwais da ya je nema ta ga kan sau ɗaya ta yi dariya, maganar auren ta mutu a nan. Bai yafe wa yarinyar ba, bai yafe wa kan ba.

Sai kuma Kawu. Ba ɗan'uwan Ummi ba ne na jini. Mutumin ƙauyen kakanninta ne, can bayan Tasawa a Nijar, kuma a wurinmu wannan ya isa ya zama kawu. Dattijo ne siriri, mai ɗan farin gemu, yana aikin kula da lambu a kombawun ɗin da Yaya yake tuƙi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo gidanmu ya ci abinci, ya sha shayi, sannan ya miƙo mini hannu ya ce, "Ɗiyata, ko akwai saƙo?"

Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, ba ta karɓar saƙon murya, shi ya sa ta wayata saƙonnin gidansa suke zuwa. Ƙauyensu babu sabis ɗin kirki. Ɗiyarsa da ke aure ita ke ɗaukar muryar uwarta, idan ta shiga gari ranar kasuwa ta turo. Haka na san matar Kawu, ta murya kawai, murya mai sanyi da ba ta gaggawa. Haka kuma na san ciwonta. Hawan jinin ido ne, irin wanda likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da magani. Ita da kanta take ba mu labarin yadda yake cin ta, ba tare da kuka ba. Da fari ta ce ta daina iya saka zare a allura. Bayan wani lokaci ta ce kajinta sun zame mata iri ɗaya. Daga baya ta ce idan mutum ya shigo sai ya tsaya a hasken bakin ƙofa take gane shi. Ba ta taɓa cewa ya dawo gida ba, sai sau ɗaya tak da ta ce, cikin wasa, in dai yana so ta ga yadda tsufa ya yi da shi, to ya hanzarta.

Kawu ya saurari wannan saƙon, ya ce in sake kunna masa, na sake. Ya daɗe rabonsa da gida. Kafilinsa, kamfanin da ke kai ma'aikata kombawun, bai hana shi hutu ba, bai hana shi takardar fita da dawowa ba, iƙamarsa ma, wato takardar zamansa a ƙasar, lafiya lau take. Kuɗin jirgi ne aka ce ya nema da kansa. Albashin kuwa kafin ya shigo hannunsa an riga an raba shi: maganin ido, hatsi, da sauran bakunan da ke jira. Duk lokacin da ya ɗan tara wani abu sai wata larura ta taso a gida ta lashe. Mu ma ba masu shi ba ne, kada in yi wa kanmu ƙarya. Abin da muke iya yi masa shi ne shinkafar Juma'a.

Duk shekara idan zafi ya lafa, matan Turawan kombawun sukan yi 'yar kasuwarsu ta yini ɗaya a bakin wurin wanka. Su jera tebura, su sayar da kek da tsofaffin kaya da littattafai, kuɗin kuma a ba wata hidima. A shekarar da nake magana, hidimar ta kunkurun teku ce. Madam ɗin da Kawu yake kula wa da lambu ita ce uwar tafiyar, wata doguwa da rana ta gasa wa fata. Duk ƙarshen mako takan ɗauki mota ta nufi gaɓar teku can arewa, ita da ire-irenta, suna tsare ramukan da kunkuru ke binne ƙwai, suna kwance waɗanda koma ta sarƙe, suna tsince leda. Ba zan ce muguwa ce ba. Tana gaida Kawu, tana ba shi ruwan sanyi, har maganin ciwon baya ta taɓa kawo masa. Kawai dai idan ana maganar kunkuru idonta kan kawo ruwa, idan ana maganar mutane kuma takan ce abin ba daɗi.

Yaya ne ya samo mini tebur a kasuwar don in yi wa matan lalle, shi ya sa duk abin da ya faru a gabana ya faru.

Babban abin ranar shi ne tombola, kamar yadda Kawu da mutanen Nijar suke kiranta. Ka sayi 'yar takarda mai lamba, a yage rabi a jefa cikin wani gwangwani mai juyawa, ka riƙe rabi. Da yamma a juya, a zaro, wanda lambarsa ta fito ya ci kyauta. A wajen katanga ba mai yin wannan a fili a ƙasar nan, amma cikin katanga wata duniya ce. An jera kyaututtukan a kan tebur: injin markaɗe, turare, takardar cin abinci a otal. Babbar kyautar kuma tikitin jirgi ne na zuwa da dawowa, da wani kamfanin jirage ya bayar, zuwa duk garin da jirginsu ke sauka. Yamai na cikin garuruwan.

Madam ta zagayo da littafin takardun har inda ma'aikata suke tsaye a inuwa, kusa da teburina. Ta fara da Yaya. Ya shafa aljihu, ya yi mata murmushin nan nasa, ya ce ya bar jakar kuɗinsa a mota. Ta juya wajen Kawu, ta nuna masa hoton wani kunkuru da igiya ta shaƙe wa wuya, tana ta bayani. Kawu ba ya jin Turanci, sai ya dubi Yaya. Yaya ya fassara masa a taƙaice: caca ce, amma ta Turawa, wai don kunkuru.

Na ga yadda fuskar dattijon ta canza. Mutum ne da ko kati bai taɓa riƙewa ba, mai gudun haram kamar yadda ake gudun wuta. Ga kuma matar da ta ba shi maganin baya tsaye a gabansa da hoto a hannu. Ya tambaya ko da gaske kuɗin wajen dabbobin za su tafi, aka ce masa e. Sai ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya miƙa mata. Da ta ɗauki biro za ta rubuta sunansa a rabin da za a jefa a gwangwani, sai ya ɗora hannu a kan takardar ya girgiza kai. Ya ce wa Yaya ya gaya mata ba a rubuta wa sadaka suna. Ta ɗaga kafaɗa, ta yage, ta ba shi rabinsa. Bai ko duba lambar ba. Ya juya ya danƙa wa Yaya, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji, don ya wanke kansa a gaban Allah da mutane.

"Ku shaida, ni sadaka na yi don bayin Allah na cikin ruwa. Wagga takarda ba tawa ba ce. Amshi, ɗana, na ba ka."

Yaya ya yi dariya, ya naɗe takardar ya sakace haƙori da gefenta, sannan ya cusa ta a bayan murfin wayarsa.

Da la'asar aka fara juya gwangwanin. Ina tsugune ina zana wa wata mata ƙafa ina jin ana kiran lambobi ana tafi. Injin markaɗe ya tafi, turare ya tafi. Da aka zo kan tikitin jirgi, Madam ta zaro takarda, ta karanta lamba, ta juya bayanta don ta kira suna, sai ta ga babu suna. Takarda ɗaya ce a cikin gwangwanin nan marar suna, kuma ta san ta wace ce. Ta fara waige-waige tana neman Kawu. Shi kuwa yana can bayan ɗakin injin ruwa yana salla. Sai ga Yaya ya ratso taron, hula a karkace, yana ɗaga takardar sama. Madam ta dube shi, ta tambaye shi ko dattijon zai karɓar wa. Ya yi murmushi kawai. Aka miƙa masa ambulan, aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

Ni kuwa na ɓata wa matar nan ƙafa da lalle. Murna nake yi har da hawaye. A raina na ce Allah ya dubi wannan bawa nasa, ya bayar don dabba, an mayar masa da abin da ya fi bukata a duniya tun kafin rana ta faɗi.

A mota muka dawo mu uku, Yaya na tuƙi, Kawu a gaba, ni a baya da kayan lallena. Ni na faɗa wa Kawu. Da fari bai gane ba, sai da na maimaita: lambarsa ta ci, tikiti ne har Yamai, zuwa da dawowa. Ya riƙe gemunsa ya yi ta salati. Can sai ya fara magana shi kaɗai, yana lissafa abin da zai kai mata: dabino, ruwan zamzam, atamfa mai manyan furanni don ta iya gani, da tabarau ko zai taimaka. Ya ce daga Yamai mota zai shiga, kwana ɗaya a hanya. Ya ce zai tsaya a bakin ƙofa inda haske yake. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Yaya ya ci gaba da tuƙi har muka shigo unguwa. Da ya tsayar da mota sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Tayyib, madalla, amma mu bari mu ji ta bakin malamai tukuna. Abin nan akwai shubuha."

Juma'ar da ta biyo baya Yaya ya zo da malami cin abinci. Wani malamin unguwa ne da ya san ranar girkin kowane gida. Ummi ta yi shinkafa da naman rago, abin da ba ta saba yi wa Kawu shi kaɗai ba. Ni da ita muna bayan labule muna jin komai. Sai da aka ci aka ƙoshi, aka kawo shayi, sannan Yaya ya shimfiɗa maganar, da murya mai taushi, kamar wanda damuwar lahirar Kawu ta hana barci.

Malam ya tambayi wanda ya biya kuɗin takardar, Kawu ya ce shi ne. Ya tambayi abin da ya faɗa lokacin da ya biya, Kawu ya maimaita kalma da kalma, bai rage ko ɗaya ba. Malam ya kurɓi shayi ya yanke hukunci. Ya ce idan Kawu ya karɓi tikitin nan, to ya tabbata ya sa kuɗi ne don ya ci riba da sa'a, wannan kuwa caca ce tsantsa, har sadakar ma ta ɓaci. Idan kuma ya tsaya a kan cewa sadaka ya yi, kuma takardar kyauta ya bayar a gaban shaidu, to mai kyauta ba ya komawa ya karɓe, magana zarar bunu ce. Shi kuwa wanda aka ba, bai sa ko sisi ba, bai yi caca ba, abu ne ya faɗo masa a hannu, halas ɗinsa ne kamar nonon uwarsa.

Gaba kura, baya sayaki. Duk ta inda Kawu ya juya, tsoron Allah ɗinsa ne aka ɗaure shi da shi. Na leƙa ta gefen labule na ga ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafarsa. Tambaya ɗaya ya yi, a hankali: ko da don ya je ya duba mara lafiya ne? Malam ya ce haram ba ta zama magani, kuma ya tuna jirgi tsakanin sama da ƙasa yake tafiya, wane mai hankali ne zai so ajalinsa ya same shi a kan kujerar caca.

Ban san lokacin da na yi magana ba. Daga bayan labulen na ce, "Allah ya gafarta Malam, tunda ya zama halas ɗin Yaya, in shi ya ɗauka ya ba Kawu kyauta fa?"

Ummi ta mintsine ni a cinya. Malam ya yi gyaran murya, ya ce wannan kuma tsakanin mai abu ne da zuciyarsa, mutum yana da ikon ya ba wanda ya so dukiyarsa. Ƙofa ce aka buɗe, faɗinta ya isa raƙumi ya wuce, kuma kowa ya san wa ake jira. Yaya ya ajiye kofin shayi, ya dafa ƙirji, ya kira Kawu da Larabci, ya khali, wato kawuna.

"Wallahi ya khali, da zan iya da na ba ka yanzu. Amma ina tsoron in zagaya in jefa ka cikin abin da ka guda. Ba zan ɗauki alhakinka ba."

Kawu ya ce haka ne, Allah ya yi masa albarka da ya tsare shi. Da bakinsa ya faɗa. Malam ya yi addu'a, aka shafa, Ummi ta ƙulla wa Kawu sauran naman a leda ya tafi da shi.

Ranar na yi wa Ummi rashin kunyar da ban taɓa yi mata ba. Na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma a ɗakinta aka yi, da shinkafarta. Na ce ta san muryar matar nan, tare muke saurare. Ta bar ni na gama, sannan ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ɗanta ma yana da nasa ciwon, shekarunsa na tafiya ba aure, kuma an gaya masa a Turkiyya ana dasa wa mutum gashi ya fito kamar na yaro. A nan na gane cewa an riga an gama shawara tun kafin a sayo naman rago. Na tsani Yaya a ranar, tsana ta gaske, irin wadda ke hana mutum haɗiye abinci. Ummi kuwa ban tsane ta ba, amma wani abu ya ragu tsakanina da ita wanda bai dawo ba.

Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Abin da na iya yi shi ne na koma kombawun da sunan zan yi wa 'yar Madam lalle, na haɗa guntun Turancina da Larabci da nuni na gaya mata komai, har da maganar ido. Ta dafe baki, ta aika aka kira Kawu daga cikin furanni, ta tambaye shi ta bakin wata mai aikinta mai jin Hausa ko tikitin nasa ne. Ya tsaya da tiyo a hannu ya ce a'a, ya bayar. Ta sake tambaya, ya sake faɗa. Ta ce za ta kai maganar gaban sauran matan ko za a taimaka masa ta wata hanya. Amsar da ta dawo da ita ita ce kuɗin da aka tara da sunan kunkuru aka tara su, ba daidai ba ne a karkatar da su. Ta ba shi riga mai hoton kunkuru a gaba, cikin waɗanda suka rage ba a sayar ba. Da zafi ya shigo ta tafi hutu ƙasarsu, aikin mijinta ya ƙare, ba ta sake dawowa ba.

Yaya ya tafi Istanbul. Ranar tafiyar ta faɗo Juma'a, Kawu ne ya sauko masa da akwati daga bene ya sa a mota. Bayan mako guda ya dawo da kai a kumbure, an naɗe goshin da bandeji, saman kan ja wur da ƙananan huji a jere kamar an yi shukar gero. A zaune yake barci don kada ya danne dashen. Ummi ta hana a kunna fanka a kansa. Likitocin can sun ba shi wata 'yar kwalba ta fesa ruwa, suka ce a riƙa jiƙa wurin a kai a kai kada ya bushe.

Da Kawu ya zo cin abinci ya yi masa sannu, ya yi masa barka da dawowa. Yaya yana kishingiɗe a kujera, ya miƙa masa kwalbar yana dariya.

"Yalla ya khali, kai ne gwanin ba shuka ruwa. Taimaka wa gonata."

Ummi ta yi dariya. Kawu ya karɓa, ya miƙe tsaye a kansa, ya fesa a hankali, layi bayan layi, yana kare idon Yaya da tafin hannunsa don kada ruwan ya shiga. Ya yi aikin da kyau, kamar yadda yake yin kowane aiki. Ni na tashi na shiga madafa na kunna famfo don kada a ji ni. Gashin ya fito, in wani yana son sani. Ya fito baƙi ƙirin, Yaya ya jefar da hulunansa, kuma ya yi aure, yana zaune yanzu a unguwar Safa.

Saƙonnin ƙauye suka riƙa gajarcewa. Matar Kawu ta daina ba da labarin idonta, sai gaisuwa da labarin damina da wanda ya haihu. Kawu ya ci gaba da tara abin da yake tarawa, ana ci gaba da lashe shi. Sai wata rana ɗiyarsa ta turo cewa za ta kai uwar gari ganin likita, za su kwana wajen dangi, kuma akwai mai babbar waya a gidan. Ta ce in mun shirya bayan sallar Juma'a za su kira mu ta bidiyo, iyayenta su ga juna.

Kawu ya zo ranar ya yi aski, ya gyara gemu, ya sa kwalli. Ya sanya wata shuɗiyar shadda da ban taɓa ganinsa da ita ba, shuɗi mai duhu, karin guga duk a jiki. Ya rame ƙwarai a watannin nan, rigar ta yi masa yawa. Bai iya cin abinci ba. Na zaunar da shi kusa da taga inda haske zai faɗa masa a fuska, na riƙe masa wayar da kaina.

Da kiran ya shigo, fuskar ɗiyar ce ta fara fitowa, sannan ta juya wayar. Karo na farko ke nan da na ga matar da na sani ta murya. Ƙaramar tsohuwa ce, ta yi ɗaurin ɗankwali na fita, ita ma ta sa kwalli. Idanunta a buɗe suke tar, suna kallon gefen wayar, can sama da kafaɗar ɗiyarta. Na ji ɗiyar tana raɗa mata cewa ga shi nan, ga Baba. Tsohuwar ta ɗan juyo da kai, ta wuce wurin, ta tsaya tana kallon ɗaya gefen.

Suka gaisa kamar yadda tsofaffi ke gaisawa, ya gida, ya aiki, ya zafi. Sannan Kawu ya matso da fuskarsa kusa da wayar har numfashinsa ya dusashe gilashin, ya tambaye ta ko tana ganinsa. Ta yi murmushi.

"Ina ganinka sarai, Malam. Ka yi ƙiba. Wagga farar riga ta amshe ka."

Kawu ya dubi hannun rigarsa. Ya daɗe yana kallo, har ɗiyar ta tambaya ko sabis ne ya ɗauke. Ya ɗago, ya gyara zama, ya saita wuyan rigar da yatsunsa.

"Ita ce," in ji shi. "Farar ce na sa miki."